Tambaya da Amsa: Kayan Temu da AliExpress, a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da na buɗe Facebook sai tallan Temu ya tare ni, jaka da takalmi da agogo, farashi kamar kyauta. Damfara ce ko da gaske kayan suna zuwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Galibi suna zuwa. Temu da takwarorinsa, AliExpress da Shein, manyan kamfanoni ne da aka san masu su. AliExpress na kamfanin Alibaba ne, an buɗe shi a 2010. Temu na kamfanin PDD ne, ya fara aiki a Amurka a watan Satumbar 2022, ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Shein kuwa ya fi ƙarfi a tufafi. Ba kasafai matsalar take zama rashin zuwan kaya ba. Abin da ya fi yawa shi ne kayan su zo, ki buɗe, ki ga ba su kai abin da hoto ya nuna ba.

Abu na farko da za ki riƙe shi ne AliExpress da Temu kasuwa ce, ba shago ɗaya ba. Kamar Kantin Kwari suke: dubban 'yan kasuwa a waje guda, da mai amana da mai algus, kowa da rumfarsa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce, wannan mai kayan da kike kallo, yaya yake?

Arahar tana da dalilai na gaskiya. Kayan na fitowa daga masana'anta ko dilan da ke kusa da ita, babu hayar shago, babu dillalai uku ko huɗu a tsakani, kuma kamfanonin na zuba kuɗi a rangwame don su kama sababbin masu saye. Tana kuma da dalilin da ba a faɗa a talla: an rage kaurin yadi, an sa roba inda ya kamata a sa ƙarfe, an tsallake gwajin inganci. Farashin da aka ja wa layi kuwa, wanda ake cewa an rage kashi 70 ko 80 daga gare shi, kada ki ɗauke shi da muhimmanci. A watan Yulin 2025 hukumomin Faransa sun ci Shein tarar Yuro miliyan 40 kan rangwamen yaudara. Agogon da ke ƙirga miki mintuna da faifan da ake juyawa a ci kyauta, duk don ki yi gaggawa ne. Gobe ma kayan suna nan.

Kafin ki danna biya, ki sauka ƙasa wurin sharhin waɗanda suka saya, ki nemi masu ɗauke da hoton da mai saye ya ɗauka da wayarsa. Ki fara karanta masu tauraro ɗaya zuwa uku, don a nan ake faɗin aibin kaya. Ki duba mutum nawa suka saya da kuma shekarun shagon. Shagon da aka buɗe watan jiya, ga sharhi ɗari duk yabo iri ɗaya, ki wuce shi. Sannan ki karanta girman abin da santimita, ki ɗauko tef ki gwada, don hoto na iya mai da tukunyar da ba ta wuce kofin shayi ba ta zama kamar ta biki. Akwai kuma wata dabara da ta zama ruwan dare: farashin da kike gani a gaba na zaɓi mafi araha ne. Hoton na injin markaɗe ne, amma kuɗin na murfinsa ne kawai. Ki tabbatar da abin da kika zaɓa a cikin kwando kafin biya.

Abin da muke ganin ya dace a saya a can shi ne wanda in ya lalace asarar ba ta wuce kuɗinsa ba: rigar waya, abin ɗaure gashi, maɓallai da zif da kayan ɗinki, kayan adon ɗaki, ƙananan kayan gyara da ba a samu a kusa.

Tambaya: Na ga farantin sola an rubuta wat 300, ƙarami ne har ana iya sa shi a jaka, da fawa-bank mai 100,000mAh, da filashi mai 2TB, duka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In saya? Daga wani mai gyaran waya a Gusau.

Amsa: Malam, kada ka sayi ko ɗaya. Ba sai an gwada ba, lissafi ya isa.

Mu fara da solar. Hasken rana tsaka yana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, kuma farantin sola mai kyau yana mai da kashi 20 zuwa 22 ne kawai na wannan ya zama wuta. Ke nan murabba'in mita ɗaya na ba da wat 200 da ɗan ɗoriya. Yanzu ka duba girman wanda ka gani. In tsawonsa santimita 40 ne, faɗinsa 30, girmansa 0.12 ke nan na murabba'in mita, iyakar abin da zai iya bayarwa wat 24, shi ma in gilashinsa na ƙwarai ne kuma babu ƙura a kai. Faranti mai wat 300 na gaske tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, faɗinsa kusan mita, nauyinsa wajen kilo 18. Wannan lissafin ka yi shi ga duk fitilar titi mai sola da aka rubuta wa wat 1,000 ko 2,000. Ka auna farantin da ke bayanta, za ka san gaskiyarta.

Haka na'urar daidaita caji. Da yawa an rubuta musu MPPT, wato nau'in da ya fi tatso wuta daga faranti, alhali PWM ne a ciki, nau'i mai araha da bai kai shi ba. MPPT ta gaske tana da babban naɗin waya a ciki da ƙarfen sanyaya, shi ya sa take da nauyi da tsada. In ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fankon ashana, rubutu ne kawai. Wayar wuta ma akwai wadda alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ka kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to ita ce. Tana ɗaukar zafi fiye da ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya da ita, kuma tana karyewa a mahaɗa.

Fawa-bank kuwa nauyinsa ne shaidarsa. Mai 10,000mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne) na gaske yakan kai wajen giram 200, mai 20,000 kuma giram 350 zuwa 450. Mai 100,000 na gaske zai yi kusan kilo biyu, ba zai shiga aljihu ba. Ko na gaskiyar ma kada ka sa ran samun duk abin da aka rubuta, domin ana ƙirga adadin ne a kan volt 3.7 na batirin ciki, kuma ana asarar wani kaso a matsayin zafi wajen ɗaga wutar da shigar da ita waya. Mai 20,000 zai cika waya mai batir 5,000mAh sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba. Tunda sana'arka ce, ga wani ma'aunin: batir 18650, wato batirin nan mai siffar bututu da ake cajawa, mafi kyau da ake yi bai wuce kimanin 3,500mAh ba, nauyinsa giram 45 zuwa 48. Duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh jabu ne, kuma in ka ɗora shi a sikeli za ka ga bai kai nauyin ba.

Filashin ya fi su mugunta, domin ba ya nuna ƙaryarsa da wuri. Ainihinsa mai 16GB ko 32GB ne, aka sauya masa bayanin ciki yadda kwamfuta za ta karanta 2TB, wato kusan 2,000GB. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa. Da zarar ainihin wurin ya cika, sai sabon ya riƙa hawa kan tsohon ko ya tafi a banza, sunayen fayil suna nan amma in ka buɗe babu komai. Mutane kan gane ne ranar da suka nemi hotunan biki ko takardun makaranta. Duk filashi ko memorin da ya shigo hannunka, ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows. Kyauta ce, tana cika shi dam sannan ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Hoton sakamakon kuma hujja ce mai ƙarfi wajen neman a maido maka kuɗi.

Caja mai arahar gaske ita ma ka bar ta. A cikin ta ƙwarai akwai tazara da kariya tsakanin ɓangaren da wutar gida ke shiga da ɓangaren da ke zuwa waya. A nan masu rage kuɗi suke yin ƙwauro, kuma da irin wutarmu mai hawa da sauka, sakamakon shi ne jan wuta ko gobara.

Tambaya: Wayar da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre na gan ta a AliExpress da ragi mai yawa. Akwai bambanci? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Sau da yawa akwai. Kamfanoni irin su Xiaomi suna fitar da waya iri biyu, ta cikin gida Chaina da ta kasuwar duniya, wadda ake rubuta wa Global Version. Ta cikin gidan ba ta zuwa da Play Store da sauran manhajojin Google a shirye, wasu manhajojin banki kan ƙi aiki in an yi mata kutse an sauya tsarinta, kuma sau da yawa ba ta da zangon 4G mai lamba 20 da 28, wato mitar da waya ke kama sabis da ita. Layukan Najeriya suna aiki da zango 3, 7, 20 da 28. In babu biyun ƙarshen, za ka ga sabis lafiya lau a tsakiyar gari, amma a cikin ɗaki mai kauri ko a ƙauye sai ya faɗi, domin su ne masu tafiya nesa da ratsa bango. Ka kula kuma da rubutun Global ROM, wanda ke nufin wayar cikin gida ce mai shago ya buɗe ya sauya mata manhaja da hannunsa.

Sai batun garanti. In allonta ya mutu bayan wata biyu, mai shagon Farm Centre ka san ƙofarsa. Wanda ke birnin Shenzhen na Chaina zai ce ka aiko masa da ita, kuma aika abu mai batir zuwa Chaina wahala ce da tsada. In ragin bai kai ya biya maka wannan kasadar ba, saya a gida.

Ga duk wani kayan lantarki, ka karanta abin da aka rubuta na ƙarfin wuta. Najeriya da Nijar duka wutarsu tsakanin volt 220 da 230 take. In an rubuta 100–240V babu damuwa. In 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, na Amurka ne, yana shiga soket zai ƙone. Wajen zaɓen filogi, mutumin Najeriya ya ɗauki UK mai ƙafa uku, na Nijar ya ɗauki EU mai ƙafa biyu zagayayyu.

Tambaya: Na yi odar doguwar riga XL, da ta zo ko ƙanwata ba ta shiga ba. Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, ki manta da harafin. XL ɗin Asiya yakan yi daidai da M ko L na Turai, kuma kowane shago da nasa. Ki shimfiɗa rigar da ta yi miki daidai, ki auna ƙirji da kafaɗa da hannu da tsawo da santimita, ki gwada da jadawalin awon shagon, ki bar sararin santimita biyu zuwa huɗu. Tsawo ne ya fi ba matanmu matsala, don abin da suke kira doguwar riga sau da yawa a ƙwauri yake tsayawa. Ki karanta irin yadin kuma. Mafi yawa poliyesta ne zalla, wanda a zafin watan Afrilu ba ya sawuwa.

Tambaya: Man gyaran fata da kayan wasan yara fa? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, nan muna cewa a'a kai tsaye. Abin da za a shafa a fata, a sha, ko yaro ya sa a baki, ba a gane lafiyarsa da ido ko da sharhin masu saye, domin cutarwarsa a hankali take zuwa. Mayukan hasken fata marasa rajista an sha samun zaiba a cikinsu, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. A 2024 hukumomin birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun yi ta gwada kayan yara daga AliExpress da Temu da Shein, suka samu wasu ɗauke da dalma da sinadaran tausasa roba fiye da ƙima nesa ba kusa ba. Tarayyar Turai ma ta buɗe bincike a kan Temu a watan Oktoban 2024, kuma sayar da kayan da ba su cika ƙa'ida ba yana cikin dalilan. Kayan da ya zo miki a ƙunshi daga waje bai bi ta hannun NAFDAC ba. Magani, maganin ƙiba ko rama, kwalbar shayar da jariri, abin cizon haƙori, sarƙa da ɗan kunnen yara, duk ki saye su inda akwai lambar rajista da wanda za ki iya komawa wurinsa.

Tambaya: Yaya zan biya ba tare da an kwashe mini kuɗi ba, kuma in kaya bai zo ba ko ya zo a lalace me zan yi? Kwastan fa? Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Malam, bankuna da dama sun dawo da amfani da katin naira wajen sayayyar waje a tsakiyar 2025, kowanne da iyakar da ya sa, sai ka tambayi naka. Ka ware asusu ko kati na daban, ka riƙa zuba masa daidai kuɗin odar, kada ka haɗa da na albashi. Ka sauke manhajar daga Play Store ko App Store, ba daga mahaɗin da aka turo a WhatsApp ba. Saƙon da zai ce kayanka sun maƙale, ka danna nan ka biya kuɗin fito, na 'yan damfara ne. Kuma duk mai kayan da ya ce ku koma gefe ka tura masa kai tsaye zai rage maka, ya fitar da kai ne daga inuwar kasuwar, don kuɗin da aka biya a ciki kaɗai ake iya ƙwato maka.

A adireshi, lambar wayarka ta fi komai, domin mai kawo kaya kira zai yi. Ka sa sunan unguwa da wata alama sananniya, da lambar gidan waya, ta Kaduna 800001, ta Kano 700001. Kayan da aka ɗora a jirgin sama sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, na hanyar gidan waya kuma har wata biyu. Kana iya bin sawunsu da lambar da aka ba ka a shafin 17TRACK.

Ranar da kaya ya iso, kafin ka yage ledar ka kunna bidiyo. Ka nuna takardar da ke jiki da sunanka da lambar, ka buɗe, ka gwada, duk a ɗauka guda ba yankewa. Kada ka danna cewa ka karɓa alhali bai zo ba, ko da mai kayan ya roƙe ka. A AliExpress an saba ba da kwana 15 bayan karɓa don shigar da ƙorafi, Temu kuma na ba da har kwana 90 daga ranar saye ga yawancin kaya, amma ka duba abin da aka rubuta a odarka. Da ka shigar da ƙorafi, mai kayan zai fara lallashi: janye, zan aiko maka wani, ko zan tura maka kuɗin ta wata hanya. Kada ka janye. Jira yake wa'adin ya ƙare. Ga ƙaramin kaya ka nemi a maido kuɗi ba tare da mayar da kayan ba, ko a maido wani kaso, tunda kuɗin aikawa Chaina ya kan fi kuɗin kayan.

Batun kwastan, tun watan Satumbar 2025 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta yafe kuɗin fito ga ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya. Yafewar ba ta shafi kayan da aka hana ko aka taƙaita ba. Jirgi maras matuƙi da kaya masu kama da na soja suna buƙatar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in babu za a riƙe su.

Tambaya: Ina sayar da jakunkuna da takalma a gida. An ce in daina sari a kasuwa, in riƙa yin oda daga 1688. Ya abin yake? Daga wata 'yar kasuwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Temu da AliExpress na masu sayen ɗai-ɗai ne, ba wurin sari ba ne. Wurin sari shi ne Alibaba, mai Turanci, da 1688, wanda na 'yan kasuwar cikin Chaina ne. Na biyun ya fi araha, amma da Sinanci yake, da yuwan, kuɗin Chaina, ake biya, kuma masu kayan iyakarsu su kai kaya wani adireshi a cikin ƙasarsu. Dole ki sami ejan mai sito a birnin Guangzhou ko Yiwu na Chaina da zai biya, ya karɓa, ya duba, ya haɗa ya ɗoro. Amanar kuɗinki gaba ɗaya tana hannunsa, don haka ki same shi ta hannun wanda ya daɗe yana aiki da shi, kuma ki fara da abin da in ya salwanta jarinki ba zai girgiza ba.

Inda sababbi suke faɗuwa shi ne kuɗin dako. A jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai ake bi ba, ana kuma auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 6,000, wasu kamfanonin da 5,000. Wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli, shi za a caje ki. A ce kwalin jakunkunanki 60 ne da 40 da 50. Lissafin ya ba da kilo 20, ko da a sikeli kilo 8 ne. Jaka da takalmi a kwalinsu iska ce rabinsu, shi ya sa ake cewa ejan ya cire kwalayen takalma ya danne jakunkuna. A jirgin ruwa da girma ake biya, wato CBM (girman kwali mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi), kuma wancan kwalin CBM 0.12 ne. Ya fi sauƙi sosai, amma ki sa wata biyu zuwa uku kafin kaya ya fito daga tashar Legas ya hau mota zuwa Arewa.

Ki haɗa kuɗin kaya, da dakon cikin Chaina, da ladan ejan, da canjin da ya yi miki, da dakon jirgi da fito, da motar Legas zuwa Sakkwato, ki ƙara wani kaso na waɗanda za su zo da aibi tunda ba mayarwa za ki yi ba. Ki raba da yawan kayan. Wannan adadin za ki gwada da farashin dila a Kano, wanda ya cika kwantena ya samu rangwamen da ke ba za ki samu ba a kan dozin biyar. A kayan da suka cika kasuwa sau da yawa shi zai fi ki araha. Ribar odar kai tsaye tana ga samfurin da bai riga ya shigo ba.

Ki fara sayen guda biyu ko uku ki gani da idonki kafin ki yi odar ɗari, kuma ki ce ejan ya turo miki bidiyon kayan a sito kafin a rufe kwali. In kayan sallah kike so, ki duba kalanda: masana'antun Chaina suna rufewa mako biyu zuwa uku lokacin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, sannan akwai hutun mako guda a farkon Oktoba. Odar da ta faɗa cikin waɗannan ranakun sai an dawo aiki za a taɓa ta.